Igiyar Layar Isuhu

Zuwa ga ƙanena Idi a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina Hajo da yara, yaya baƙunta? Mu nan Maraɗi sai godiya.

Albishirinka, matar Isuhu ta sauka ranar Talata, namiji! Na yi jika, Idi, har yau bakina bai rufu ba.

Amma uban jaririn ya hana ni sakewa. A shagon kafintocin Nasara inda yake aiki an kawo inji mai haƙorin ƙarfe, yana juyawa yana gyara gefen katako. An ce musu su naɗe hannun riga, su cire komai daga wuya, su tura katako da sanda. Isuhu ya ƙi, wai wani mai magani a Jiratawa ya ba shi layar maganin ƙarfe, ya rataya a wuya, ƙarfe ba zai yanke shi ba. Jiya ya sunkuya, haƙorin ya kama igiyar layar ya finciko kansa. Allah ya sa ta tsinke. Da na yi masa faɗa sai ya ce, "Baba, ka ga ai ta yi aiki." Yau kuma ya sa baduku ya yi mata igiyar fata wadda ba za ta tsinke ba!

Kai ka riƙe shi, maganarka yake ji. Don Allah ka rubuto masa da sauri. Ba na so in riƙe maraya.

Ku sa mu a addu'a. A gaida Hajo da mutanenmu na zango.

Wanka,
Mamman