Ganyen Kwakwa a Kan Kujerata

Zuwa ga Goggo Sahadatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan. Na ji Mero ta sauka lafiya. A ce mata in jaririn ya ɗauko hancinta, to sai haƙuri.

Goggo, kin sha faɗa mini tsokana za ta ja mini. To, ta ja. A gidan da nake gadi a unguwar Al Asmakh, nan ƙasar Larabawa, akwai wata tsohuwa 'yar Ibo, Mama Adaku, ta zo wajen ɗanta likita. Ran Litinin da azahar ta fito da jikokinta, na tare ƙofa da biro da takarda, na murtuke fuska, na ce an aiko ni in ƙirga mata da yara da awaki, za a sa musu haraji. Na zaci dariya za ta yi. Sai ta tsaya cak, ta tambaye ni da Hausa tsantsa ko an ƙirga uwata. Sannan ta kira ni Ɗalhatu. Wa ya san sunan kakanku a ƙasar nan?

Ɗanta ne ya bayyana mini. Wai zamanin Turawa irin wannan ƙirgar ce ta tayar da matan garinsu. Suka riƙa aika wa juna ganyen kwakwa alamar a fito, suka zagaye gidajen sarakunan da Bature ya naɗa, da waƙa da taɓare. Sojoji suka buɗe wuta a bakin kogi, kakar Mama ba ta dawo ba. Ni da allo kaɗai na sani, ina zan ji wannan?

Washegari na tarar da ɗanyen ganyen kwakwar manja a kan kujerata, alhali nan sai dabino. Tun ranar, kullum da azahar takan zauna gaban ɗakin gadi, mata a bayanta, fuska shafe da gawayi. Jiya mata tara na gani a bayanta. Sagiru abokin aikina ya rantse ita kaɗai ce a wurin.

Na durƙusa na ba ta haƙuri, ta ce sai na faɗi abin da Ɗalhatu ya yi. Don Allah Goggo, da ya yi soja a kudu, me ya faru? Me ya sa har ya rasu ba ya cin manja? Ki kira ni kafin Juma'a. Ranar za ta koma gida, kuma ta ce in ban amsa ba, ita kaɗai za ta tafi, ta bar mini matan.

A gaishe da Inna Habibatu da Rukayatu, a sa ni a addu'a.

Ɗanki da ya shiga taitayinsa,
Abdulbaqi