Shingen da Aka Yi wa Bangon Sojoji

Litinin, 3 ga Maris

Edita na son tarihin bangon tunawa da sojoji kafin a fara gyara. Ya ce ni na fi dacewa, tunda sunan Baba na jiki. Ban ga abin da ya haɗa ba. Ina goye ya tafi yaƙin.

Alhamis, 6 ga Maris

Na yini a ɗakin adana takardu. Bayan yaƙi ba a samu dutse mai tauri ba, sai aka yi da fari mai laushi. Mai zanen ya ƙi doguwar hasumiya, ya yi bango iya kafaɗar mutum, wai kada uwa ta ɗaga kai wajen neman ɗanta. Tunani mai kyau, aiki maras hangen nesa: mutane na shafa sunayen, dutsen na cinyewa. Na Baba harafin farko ya kusa ɓacewa. Hannun Inna ne, duk Lahadi.

Asabar, 8 ga Maris

Na rubuta a jarida cewa a kewaye bangon da shingen ƙarfe. Hujjata ba ta da ɓaraka. To me ya hana ni zama wuri ɗaya?

Laraba, 12 ga Maris

Majalisar birni ta amince, har da karanto sharhina a zaure.

Yayata ta kai wa Inna labari. Da na shiga, Inna ba ta ɗago daga tsintar wake ba.

"Mai jarida, an ce ka sa babanka a keji."

Na ce sunan zai goge in ba a kare shi ba. Ta ce, "Ya goge a hannuna mana. Kabari gare shi da zan je?"

Talata, 18 ga Maris

Sun kafa shingen. Na bi ta can, na sake bi. Ban rubuta ko layi ba.

Lahadi, 30 ga Maris

Inna ta ce in raka ta wurin bangon. Ta zura hannu tsakanin ƙarafunan, har kuncinta ya manne da su. Saura kaɗan. Mai gadi ya kau da kai.

Ta ce, "Kai da Allah ya ba tsawo, miƙa."

Na miƙa. Dutsen da ɗumi, wurin sunan ya lotsa, yatsuna suka zauna a ciki daidai. Ita ce ta ce mu tafi, sau biyu.

Rana ce ta gasa dutsen, ba wani abu ba. Lahadi mai zuwa ba ni da aiki.