Kwabon da Na Dirje

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da shago.

Kawu, akwai maganar da ban faɗa wa kowa ba, kuma da baki ba zan iya ba. Tsohon kwabon da kakanmu ya bar wa Baba, wanda Mama ta aiko maka ka duba, da ba haka yake ba. Baƙi ne ƙirin, tsatsa ta ci gefensa. Da na ji shi za a sayar a yi wa Baba aikin ƙoda, sai na ji kunyar a kai maka shi da dauɗa. A littattafan soyayyar da nake karantawa, abin gado kullum ƙyalli yake yi a tafin hannu. Na jiƙa shi a ruwan lemun tsami, na dirje da toka da soson ƙarfe har yatsuna suka yi zafi. Na mayar da shi cikin ƙullinsa, Mama kuma ba ta kwance ba kafin ta aiko maka. Ai ya fi kyau, ko?

Baba ya rame ƙwarai. In an ambaci kwabon ne kawai yake murmushi.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Auta

Auta,

Na amsa gaisuwa. Na sa kwabon a ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Irinsa kashi biyu ne: na wata shekara kaɗan aka buga, masu tarawa na nemansa ido rufe, sauran kuwa ko a hanya ba a sunkuya musu. Shekarar da ke jiki ce ke rabawa, ita kuma soson ƙarfe ya cinye. Yanzu ba mai iya sani, har ni. Ba mai saye.

Na haɗo da wata takarda zuwa ga mahaifiyarki, na ce mata tun asali ba shi da daraja. Ki ba ta waccan, ki yaga wannan. Ƙuruciya ce, Allah Ya rufa asiri.

Kawunki

Kawu,

Barka da aiki. Na karanta duka biyun, ka yafe mini.

Tun jiya Mama ke cewa in kwabon ya tashi banza, to Baba ya cika mata kunne shekara da shekaru da tatsuniyar gado. Yana jin ta. Ya juya fuska bango.

Ba zan bar shi da sunan maƙaryaci ba. Wadda ka ce in yaga, ita zan miƙa mata. Tana wanke masa zanin gado yanzu. Ina jira ta gama shanya.

Ka sa ni a addu'a.
Auta