Jirgi Biyu, Igiya Ɗaya

Litinin, 3 ga Maris
Limbu ya sake makara. Shekara talatin yana gadi a Hong Kong, sai da ya yi ritaya ya tuna bai iya yaren garin ba. Ni ma da na bar koyarwa, me ya kai ni karɓar ɗalibi mai furfura?

Alhamis, 6 ga Maris
Ya ji yara a bas suna cewa “paak to”. Na ce masa samartaka ke nan, saurayi da budurwa. A da babban jirgi kan ɗaure ƙarami a gefensa, su bi kogi kafaɗa da kafaɗa. Ya ce, “Malama, to wanne ke jan wanne?” Na ce ya rubuta kawai, ya bar surutu.

Asabar, 15 ga Maris
Ya biyo ni kasuwa, wai ya koyi sunan kifaye. Ya ƙwace jakata, yana tafe a gefena. Mai kifi ta ce, “Yaya, a ina kika samo ɗan dako mai gashin baki?” Kunya kamar in nutse.

Laraba, 19 ga Maris
Ɗansa na so Limbu ya koma gida Nepal a ƙarshen Afrilu. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Na ba shi aikin gida har shafi huɗu, don haushi.

Lahadi, 30 ga Maris
Na sauko da tukunyar ƙasa. Romon kifi da gwanda, awa uku a wuta. ’Yata Wai-yin ta shigo, ta shaƙi ƙamshi, ta tsaya cak. “Mama, rabonki da wannan romon tun Baba na da rai. Ke kika ce ba a dafa wa baƙo shi. Wane ne?” Na ce Limbu ne, tari yake yi, shi ke nan. Ta yi dariya har da riƙe ciki.
Shi kuwa gogan ya shanye kwano biyu, ya ce a gaishe da mai gidan abincin, a zatonsa sayowa na yi. Bai san komai ba!

Juma’a, 4 ga Afrilu
Ranar share kabari, al’adarmu ta shekara-shekara. Na goge dutsen mijina Kam-fai, na gaya masa komai. Na yi kuka, amma ba irin na bara ba.

Talata, 8 ga Afrilu
Wai-yin ta fayyace masa zancen romo, munafuka. Yau ya zo kafin lokaci, ya ce, “Malama, na gaya wa yaron karatuna bai ƙare ba. Jirgin nawa ƙarami ne, ba ya iya kogi shi kaɗai.”
Na gyara masa lafazi sau biyu. Gobe zan sayi gwanda babba, ƙaramar ba ta isar mutum biyu.