Ƙamshin Kanumfari a Motar Kawu Joseph

Zuwa ga Somadina, hasken idona, sanyin safiyar damina, ruwan randa a tsakar ranar Kakuri, wanda tunaninsa kan sa alli ya kuɓuce mini a gaban allo.

Masoyina, mutane da yawa sun ɗauka cewa irin 'yar zuciyar nan ta yadi da ake ratayewa a mota, turare ake fesa mata. Har ɗalibaina na makarantar Narayi haka suke zato duk farkon zango, sai na gyara musu. Ƙamshin a ciki yake. Kanumfari ne da kirfa da busasshen ɓawon lemu, a daka su sama-sama, a naɗe cikin auduga, a rufe da ɗinki. Turaren da aka fesa, iska ke kwashe shi. Na ciki kuwa yakan daɗe, in ya yi rauni a matsa shi ya farfaɗo. Amma shi ma, abin ƙaunata, ba ya kashe wari. Danne shi kawai yake yi.

Ka tuna yammacin da na kawo maka taka a gareji? Ruwa ya ɗauke ke nan, ƙasa tana ƙamshi, hannuwanka duk baƙin mai. Ka ƙi taɓa ta sai da ka wanke su tas, sannan ka kai ta hanci ka lumshe ido kamar jaririn da ya ƙoshi. Wace mace ce za ta ga wannan fuska ba ta narke ba? A nan na faɗa maka inda yadin ya fito: gefen zanen zumuntar mata na marigayiya Mama, wanda ta yi waƙa da shi a coci har ƙarfinta ya ƙare. Ban taɓa sa masa almakashi ba sai dominka. Ka ce a aljihun ƙirjinka za ta zauna.

Ranar Lahadi Kawu Joseph ya zo ɗaukata bayan sujada, yana ta murmushi a cikin sabuwar motarsa. Kawu Joseph, yayan Mama, wanda ya riƙe ni bayan rasuwarta, wanda zai karɓi danginka ranar Asabar in sun zo neman aurena. Ina shiga na ga zuciyata tana lilo a jikin madubi. Ɗinkina ne, ba ya ɓace mini ko cikin dubu. Tsohon ya ba ni labari da hawaye a idonsa. Ya ce ya leƙa garejinka don ya ga surukinsa, ka nuna masa motar, yana cikin shakka sai ya hangi zanen ƙanwarsa a rataye. Ya ce yaron da na amince masa da zanen uwata ba zai cuce shi ba. Ya saya, ko wani bakanike bai kira ya duba masa ba.

Na san motar nan, zumar bakina. Ita ce wadda ta kwana cikin ambaliyar kogi a daminar bara. Kai da bakinka ka faɗa mini, kana dariya, cewa soson kujerunta ya ruɓe daga ciki, wayoyinta sun ci tsatsa, kuma babu turaren kanti da ya iya da warinta. Ashe kanumfarina ya iya. Ashe zanen Mama ya iya! Washegari kuma saƙonka ya shigo wayata, wai abin nan nawa yana aiki, in ƙaro maka wasu saboda sauran motocin.

Kada ka ɗauka na daina son ka. Ina ma na iya! Har yanzu in keke ya bi da ni ta Kakuri, wuyana kan juya da kansa kamar ganyen da ke bin rana. Son ka ya kama ni kamar kauci a jikin mangwaro, yana shan ruwana ina yi masa inuwa. Amma ni malama ce, kuma ɗalibin da nake so shi na fi tsananta wa.

Saboda haka ga abin da na yi. Da zan sauka, na ce wa Kawu ɗinkin zuciyar ya saki, zan gyara. Na cire ta. Tana gabana a kan tebur yanzu. Motar kuwa tana ajiye a ƙofar gidansa a Barnawa, gilasai a rufe, rana tana dukanta tun safe. Kai ne bakanike, kai ka san abin da zafi ke yi wa ruɓaɓɓen soso. Kuma da ita Kawu ya yi niyyar zuwa Sabon Tasha ranar Asabar ya ɗauko mahaifiyarka, don ya girmama ta. Ka hango ta, tauraron asubana: Mama Uzoamaka cikin leshinta mai tsada, ta toshe hanci da gefen ɗankwali, tana tambayar tsohon wane marar tsoron Allah ne ya sayar masa da wannan.

Ba zan faɗa masa komai ba. Ko kalma ɗaya. Bakinka nake jira, kuma ranar Asabar ba ta jiran kowa.

Ka nemi in ƙaro maka, to bari in koya maka, ai 'yan aji ɗaya ma suna iyawa. Ka ɗauko farar rigar da ka ɗinka don ranar Asabar, ka yanko ƙyalle biyu daga ƙirjinta, siffar zuciya, faɗin tafin hannu. Ka haɗa su fuska da fuska, ka bi gefe da ƙananan ɗinki, ka bar 'yar kafa da yatsa zai shiga. Ta nan za ka juyo cikin waje, ka cusa kayan ƙamshi, ka rufe. Za ta karkace. Allura za ta sha jinin yatsunka, farin yadi kuma ba ya ɓoye tabo. Kada ka wanke. Ka kai wa Kawu ita haka nan, da rigar mai huji a jikinka, ka durƙusa ka gaya masa inda motarsa ta kwana, ka karɓo makullinta.

In ka yi, ni zan ɗinke hujin rigar da hannuna, da ragowar zanen Mama. In ba ka yi ba, zan yi kwalliya ranar Asabar, in zauna a bakin taga, in jira a buɗe ƙofar motar.

Gwada, masoyina. Na soka maka allura a bakin ambulan ɗin nan, da zarenta. Ina jin ka riga ka same ta.

Taka har ƙasa ta rufe idona, ko ka zo ko ba ka zo ba,
Celina