Budurwar da ke Jikin Zanen Kaka Orpha

Zuwa ga yayata Maxine,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, tarin Mama kuma ya yi sauƙi. Mu nan jihar Vermont lafiya lau.

Yaya, na sami aikin yi! Gidan tarihin garinmu ya ari tsohon zanen da ke ɗakin Kaka Orpha, kakar mijina Wendell. Zanen fenti ne, ya haura shekara ɗari: wata budurwa tsaye kusa da saniya, ta zuba wa nesa ido. Suna neman wanda zai ba da tarihinsa ranar buɗe baje kolin, na ce ni ce.

Ban tambayi kowa ba, don idon budurwar ya gaya mini komai. Masoyinta ya tafi yaƙi bai dawo ba, baƙin ciki ya kashe ta. Wendell ya ce littattafan soyayya sun cinye mini kai. Duk matan garin za su zo, kuma har yau "baƙuwar Wendell" suke ce mini. Ki taya ni addu'a.

Ƙanwarki,
Lorraine

Yaya Maxine,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Mama. Na kusa mutuwa tsaye.

Ranar buɗewar, muna bakin ƙofar zauren baje kolin, sai Kaka ta ji ina bitar jawabina. Ta ce, "Ke 'yar nan, wane masoyi? Zanen saniyar ne!" Wai saniyar ce ta ci gasar shanu, mai ita ya kira mai zane, aka tsayar da 'yar maƙwabta a gefe don a ga tsayin dabbar. Daga mai saniyar zanen ya koma hannun mahauci, ya yi shekaru a shagon abincin dabbobi, sannan mijin Kaka ya karɓe shi da buhun dankali. Sau biyu aka taɓa baje shi, duk a kasuwar shanu. Budurwar kuwa aure uku ta yi, ta mutu da tsufa tana faɗa da jikoki.

Sai aka kira sunana. Na hau, na karanta jawabin yadda yake, saniyar kawai na sa a gurbin budurwar: an raba ta da ɗan maraƙinta, ta daina cin ciyawa, ta mutu tana kallon hanya.

Yaya, matan manoma ne. Har matar fasto sai da ta share hawaye. Sun gayyace ni shan shayi ranar Laraba, wai suna son jin abin da ya sami maraƙin. Ki aiko mini da sababbin littattafan soyayya da gaggawa.

Taki har kullum,
Lorraine