Neman Baba a Garin Tsohuwar Coci

Litinin, 3 ga Yuni

Baba ya ɓata tun shekaranjiya. Na shiga wanka, na fito, ƙofar gida a buɗe, takalmansa babu. Mutumin da tsufa ya mantar da shi sunana, wai shi ne ya gane hanyar tasha. Wani kwandasta ya kalli hotonsa a wayata ya ce, "Tsohon nan mai farar hula? Ai a ƙaramin garin nan na bayan gada ya sauka." Shi ne na biyo. Na kama ɗaki kusa da tashar garin, katifa da bokiti kawai. Allurar sugansa tana cikin jakata. Ni ke riƙe da ita, shi yana can.

Talata, 4 ga Yuni

Kasuwa, masallaci, ɗakin shan magani, ofishin 'yan sanda. Kowa ya karɓi wayar, ya ƙura ido, ya girgiza kai. "Allah ya bayyana." Na ji kalmar nan har ta fara ba ni haushi, astagfirullah.

Yaya ya kira. "Ke da kike gida ɗaya da shi, me kike yi?" Shi da rabonsa da ganin Baba tun bara. Na kashe wayar.

Laraba, 5 ga Yuni

Ba wanda ya gan shi. Muryata ta dushe.

Alhamis, 6 ga Yuni

Ruwa ya kama ni a ƙarshen gari, inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara. Ba wurin fakewa sai wani babban gini na dutse a bayan itatuwa. Sai da na isa ƙofar na ga gicciye. Na ja na tsaya. Tun da aka haife ni ban taɓa shiga coci ba. Wata tsohuwa da tsintsiya a hannu ta leƙo ta ce, "'Yata, ruwan nan bai san addinin kowa ba. Shigo."

Na shiga. Sanyi, duhu, ƙamshin kyandir da warin jemagu. Bencina sun yi sumul don zama, dutsen bakin ƙofa ya lotsa don takawa. Tagogin na gilashi mai launi ne, inda ya fashe an toshe da kwali. Ga mutum-mutumin Maryamu, yatsunta sun guntule. Ban taɓa zaton akwai irin wannan a garin da ko wuta ba ta zama ba. Tsohuwar ta ce cocin Katolika ce, ta haura shekara ɗari, kakanta yana cikin waɗanda suka ɗauko duwatsun a ka. Fada, limaminsu, ba ya zuwa sai jefi-jefi, mutane sun ragu, matasa duk sun tafi birni.

Ban tambaye ta duk wannan ba. Hoton kawai na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, ba ta ce Allah ya bayyana ba. Ta ce, "Kin ci abinci?" Nan na zauna a benci na baya na yi kukan da na riƙe tun daga gida. Ita kuwa ta ci gaba da shararta.

Juma'a, 7 ga Yuni

'Yan sanda sun aiko a kira ni. An tsamo gawar wani dattijo a rafi. Da muka isa wurin, ɗayansu ya ce, "Hajiya, daure." Aka yaye zanen.

Ba shi ba ne. Na ce alhamdulillahi da ƙarfi a gaban gawar uban wani.

Asabar, 8 ga Yuni

Mai ciwon suga, ba allura, ba abinci a kan lokaci. Na san abin da likita zai ce, shi ya sa ban kira shi ba.

Na koma cocin, ban san dalili ba. Mama mai shara ta haɗa ni da malaminsu, wani siriri mai tabarau ɗaure da zare. Ya ce, "Malama, kin yi ta nema a cikin gari. Mutanenmu a gona suke kwana yanzu. Gobe duk za su shigo, ki zo." Ban sa rai ba. Rai ya gaji da sawa.

Lahadi, 9 ga Yuni

Na tsaya a ƙarƙashin itace a waje har suka gama. Ƙararrawarsu ta tsage, ƙararta kamar ana dukan tsohuwar tukunya. Da suka fito wayata ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, sai wata mata mai goyo ta dafe ƙirji. "Wannan ai tsohon da ƙanin mijina ya tsinta ne! Yana bukkar gona, an tambaye shi daga ina, ya ce daga aiki."

Wani ya ɗauke ni a babur, ban ma ga fuskarsa ba.

Yana zaune a kan buhu, sanye da rigar wani, ƙafafunsa sun kumbura sun tsattsage. Da rai. Na durƙusa na riƙe gwiwoyinsa. Ya dube ni ya ce, "Sannu, baiwar Allah. Wa kike nema?"

Talata, 11 ga Yuni

Nas ta wanke ƙafafun, suga ya fara sauka. Na kai shi cocin mu yi wa Mama godiya, ina riƙe da hannunsa kamar zan karya. Muna shiga ya zame hannun, ya ɗaga kai sama. Baba kafinta ne, da katako ya ciyar da mu, amma rabonsa da maganar da ta haɗu tun ban san yaushe ba. Ya nuna katakon rufin ya ce, "Duba nan. Ba ƙusa ko ɗaya. Haɗa su aka yi, kowanne ya riƙe ɗan'uwansa. Wanda ya yi wannan ya san hannunsa." Ya bi bencinan yana shafawa, ya sami mai girgiɗi, ya ce a kawo masa guduma. Malamin ya ruga ya kawo.

Bai kira sunana ba. Amma ni ya miƙa wa ƙafar bencin ya ce, "Riƙe min nan."

Alhamis, 13 ga Yuni

Yaya ya sayi sabon kwaɗo na ƙofar gida, ya ce mu taho yau. Ni ma da nufina ke nan, in kulle in rataya makullin a wuya.

Motar safe ta tafi, ba mu shiga ba. Na ce wa Yaya ƙafar Baba ce ba ta warke ba.

Ƙafar da sauƙi sosai. Akwai sauran bencina masu girgiɗi.